Inuwar Tawada a Littafin Coci

Ku yaran yanzu, da kun ji an ce sana'ata gyaran tsofaffin littattafai ce, sai ku zaro waya ku ce, "Baba, ai hoto kawai za a ɗauka, an wuce wurin." To madalla. Waya tana ɗaukar abin da aka nuna mata. Abin da aka ɓoye fa, wa zai nuna mata? Ku zauna in ba ku labari, don shekara ashirin da 'yan kai na yi ina shaƙar ƙurar takarda a wani ɗan shago a Greenbelt, nan kusa da Washington, kuma ban taɓa yin da na sani ba.

A Kano na fara. Mahaifina marubucin Alƙur'ani ne, ni nake dafa masa tawada da bagaruwa da kashin maƙera, ni nake jera masa warƙoƙi. Daga baya na shiga wata maɗaba'a na koyi ɗinkin littafi. Da na zo ƙasar nan babu wanda ya tambaye ni wannan. Aikin fakin ɗin motoci na samu a cikin Washington, ina tsaye cikin sanyi ina miƙa tikiti. Akwai wata Baturiya gajeriya mai faɗan tsiya da take ajiye motarta a wurinmu, littafin taswirar hanya yana yashe a kujerar baya, bango ya rabu da ciki. Kullum na gan shi sai ya sosa mini rai. Rannan na kasa haƙuri, na sa allura da zare na ɗinke shi kafin ta dawo. Da ta gani sai ta tsaya tana jujjuya shi.

"Wa ya taɓa mini kaya?"

Na ce ni ne, ta yi haƙuri.

Ta ce, "Ɗinkin ya yi tsauri, zai yaga takardar nan da shekara biyar. Amma hannunka ya san hanya. Ka zo shagona ran Litinin."

Sunanta Doroti. Ita ce uwar ɗakina har ta yi ritaya, kuma yabon da ta yi mini ke nan mafi tsawo a shekara goman farko.

Wata shida ban taɓa littafi ba. Kunu kawai nake damawa. Da sitacin alkama muke liƙe takarda, a dafa shi a kan wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa, a tace, a bari ya huce, a sake tacewa. Ni da na bar Kano da gemuna, ga ni a Amurka ina talge. Matata Hajiya Uwani ta samu abin tsokana, kullum na dawo sai ta ce, "Sannu da girki, Malam Iliya. Yau wa aka yaye?" In kunun ya yi gudaji ko ɗaya, Doroti za ta juye shi a shara. Sai da hannuna ya gane kaurinsa ido a rufe sannan ta miƙo mini ƙashi. Ƙashin saniya ne da aka goge ya yi santsi, da shi ake ninke takarda, da shi ake kwantar da liƙi. Nawa yana nan, ya lotsa daidai inda babban yatsana yake zama. Sai allura da zaren lilin, da wuƙa siririya, da buroshi mai laushi kamar gashin jariri, da wata takardar Japan da za ka iya karanta jarida ta bayanta amma ba ta yagewa da wasa. Sai matsi na ƙarfe wanda ya girme mu duka. Salatif kuwa haramun ne a shagon. Duk wanda ya taɓa liƙe littafi da salatif, Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba.

Doka ɗaya Doroti take da ita wadda ba ta lanƙwasuwa. Kafin ka gyara littafi sai ka rubuta rahoton duk abin da ka gani a jikinsa: inda ruwa ya taɓa, inda gara ta ci, inda wani ya yi gyaran ganganci. Ka sa hannu, a ba mai littafi. Tana cewa likitan da ya ga ciwo ya ƙi rubutawa ba likita ba ne.

Masu kawo mana aiki kala-kala ne. Malaman jami'a, lauyoyi, tsofaffi masu littafin girkin kakarsu. Wani Alhaji ɗan Kumasi ya taɓa kawo mini Dala'ilun mahaifinsa a cikin ledar burodi, yana riƙe da shi kamar ƙwai. Amma rabin aikinmu daga majami'un Katolika yake zuwa, don babu mai adana takarda kamar su. Haihuwa, baftisma, aure, mutuwa, duk a rubuce. Abin dariya, Doroti a hannun sistoci ta tashi, matan nan da suka ba da rayuwarsu ga coci, kuma tun tana budurwa ta bar coci ba ta koma ba. Tana ɗinke musu littafi tana caccakar su. Ta ce ita ba ta da rigima da tsohuwar da ke durƙusawa tana addu'a, rigimarta da masu riƙe da makulli ce. Ta ce sun yi ɗaruruwan shekaru suna jera sunayen littattafan da ba a yarda mutane su karanta ba. Sun noma gonaki da bayi a wannan jihar da muke ciki. A zamaninmu kuma, in limami ya ɓata yara, maimakon a kai shi gaban hukuma sai a ɗauke shi a kai wani gari, a rufe takardar a durowa.

"Iliya, kowa yana zuwa ya faɗa musu laifinsa a cikin ɗan ɗakin nan mai kamar akwati. Su kuma, wa suke faɗa wa nasu?"

Na ce mata mu a wurinmu cewa ake wanzami ba ya son jarfa. Da na bayyana mata ma'anar, ta yi dariya har ta sa na rubuta mata a jikin bango. Amma na ƙara mata da cewa kada ta ɗauka mu tsarkaka ne. Kakan mahaifina yana da rinji cike da bayi, kuma har gobe a gidanmu in an zo wannan zancen sai a ce shayi ya huce. Laifi tudu ne. Duk gidan da iko ya daɗe a cikinsa akwai ɗakin da ba a son baƙo ya leƙa.

Aikin da nake son ba ku labarinsa wata safiyar Talata ya zo. Mutum biyu suka shigo da littafi a naɗe cikin tawul. Ɗaya tsohuwa ce baƙar fata 'yar nan ƙasar, Mama Loreta, nas ce da ta yi ritaya daga asibiti a Largo, ga hula ga jan baki. Ɗayan limamin cocinsu ne, dogo, da farar kwala. Ina gaishe shi da Turanci sai ya dubi tabon sallah a goshina ya ce, "Malam, ina gajiya? Ya iyali?" Na kusa sakin ƙashin hannuna. Fada Bulus ke nan, mutumin kudancin Kaduna, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka haife shi. Kafin a buɗe littafi mun gama zancen kilishi da tsadar tikitin gida.

Littafin rajistar baftisma ne na wani tsohon coci a karkara, can gaba da Largo, inda a da limamai suke da gonar taba. Kwamitin matan cocin ne suka soya kifi suka sayar don a gyara shi, Mama Loreta ce shugabarsu. Da Fada ya fita duba mota sai ta matso kusa da ni.

Ta ce, "Mista Iliya, in ka ga sunan Henriyeta a ciki, ka kira ni. Na duba sau uku ban gani ba, amma idona ya tsufa."

Na tambaye ta wace ce. Ta ce kakarta ta sha gaya mata cewa su jikokin wata baiwa ce mai suna Henriyeta, wadda limaman gonar suka sayar zuwa Kudu, suka riƙe jaririyarta Sisiliya. Tana 'yar shekara tara a makarantar coci aka ce kowa ya ba da tarihin gidansu, ita kuwa ta tashi ta faɗi wannan. Sista ta tsinka mata mari a gaban aji, ta sa ta rubuta sau ɗari cewa ba za ta ƙara yi wa bayin Allah ƙarya ba. Da ta girma ta rubuta wa babban ofishin cocin wasiƙa har biyu, amsa ɗaya ce: babu wannan suna a takardunsu.

"Shekara sittin da biyar ke nan. Ban bar coci ba, Allah bai mare ni ba. Amma ina so in sani kafin in mutu, ni da kakata maƙaryata ne ko kuwa."

Yanzu ku saurara, nan ne sana'a take. Littafin da aka ɗinka, takardunsa a ninke suke biyu-biyu, kowace warƙa tana da 'yar'uwarta a ɗaya gefen zaren. Da na kwance ɗinkin sai wata warƙa ta zame ita kaɗai. Na nemi 'yar'uwarta, babu, sai ɗan siririn gefe a jikin zare. Na kai shi gaban taga. Gefen kowace takarda a littafin ya yi ja saboda tsufa, amma bakin wannan yankan fari ne, kuma a miƙe sak. Gara ba ta cin takarda da rula. Reza ce, kuma ba a zamanin bayi aka yi ba, an daɗe da ƙirƙiro mota.

Na kira Doroti. Ta duba ta yi tsaki ta ce, "Sun riga mu. Rubuta a rahoto, warƙa ɗaya an yanke." Shafin da yake fuskantar wanda aka yanke rabinsa fili ne, sai wani dabbare-dabbare ruwan ƙasa. Ta ce danshi ne. Ni ma na kusa wucewa. Amma ita idonta daga hagu yake fara karatu, ni kuwa da allo na fara, idona in ya sauka a takarda dama yake nufa ko ban sa shi ba. Ina bin tabon daga dama sai na ga yana hawa yana sauka a layi, yana tsayawa, yana ci gaba. Danshi ba ya barin fili tsakanin kalma da kalma. Sai na tuna tawadar mahaifina. Tawadar da aka dafa da ƙarfe ba ta zama wuri ɗaya, in shafi ya kwanta a kan shafi shekara da shekaru sai ta ci ta bar inuwarta a kan maƙwabcinta, a juye. Tasu ta Turawan da irin tamu ce. Mai reza ya ɗauke rubutun ya bar inuwar.

Madubi nake bukata, shagon kuwa babu sai na banɗaki da ke manne a bango. Washegari na ɗauko ɗan madubin kwallin Hajiya daga jakarta ban gaya mata ba. Muka rufe labule, na kwantar da fitila a gefe yadda haske zai shafi takardar, na tsayar da madubin. Layi na huɗu ne. An yi wa Sisiliya baftisma, 'yar Henriyeta, baiwar gidanmu. A gefe kuma da ƙaramin rubutu: an sayar da uwar, 'yar ta zauna.

Doroti ta zauna a kan kujera ta cire tabarau. Ni kuwa, wallahi, daɗi ne ya kama ni, irin na mafarauci. Na yi ta kewaya tebur ina cewa Allahu Akbar a kan littafin coci, har ta ce in zauna kada in kifar da kunu. Muka ɗauki hoto, na rubuta komai a rahoto na sa hannu. Ƙa'ida ce a fara aika wa mai littafi, sai muka aika wa Fada.

Ran Litinin ya zo shi kaɗai, ba fara'a. Ya ce mu fita waje. Muka tsaya a bakin shago muna kallon masu sauri zuwa jirgin ƙasa.

"Malam Iliya, na tura rifot ɗinka sama, kamar yadda doka ta ce. Lauyan ofis ya kira ni. Sun ce a cire sakin layin da ya ambaci Henriyeta, shafin littafin kuma a liƙa masa takarda mai kauri don ya yi ƙarfi."

"Fada, shafin lafiyarsa ƙalau."

"Na sani."

"To ka san abin da ake so in yi ke nan. Wani ya yi da reza, ni in ƙarasa da kunu."

Ya ce, "Ni ɗan aike ne. Bizata ma a hannunsu take. Kowa ya ci ladan kuturu, ka san sauran." Ya ce in mun ƙi, za a aiko a karɓi littafin ran Juma'a, kuma kada mu ƙara sa ran aiki daga wurinsu.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, ina da 'ya'ya biyu a makaranta. Na shiga na gaya wa Doroti, ina fatan ta yanke hukunci ta hutar da ni. Sai ta ce, "Sa hannunka ne a rahoton, ba nawa ba. Me ka gani?" Na ce na ga abin da na gani. Ta ce to shi ke nan. Na koma na gaya wa Fada ba za mu liƙe ba. Ya gyaɗa kai, ya nufi mota, sai ya juyo.

"An ce in gaya muku Juma'a za a zo. Ba wanda ya ce mini komai a kan Alhamis. Kuma kwamiti ne suka kawo aikin nan, ai suna da haƙƙin ganin rifot, ko ba haka dokarku ta ce ba?"

Ran Alhamis da hantsi ya kawo Mama Loreta da kansa, da mata huɗu na kwamiti. Na rufe labule, na kunna fitila, na riƙe mata madubi. Ta sunkuya ta daɗe. Ta karanta a hankali, ta sake karantawa da ƙarfi. Na zaci kuka za ta yi, har na tanadi hankici. Sai ta miƙe ta buga tafi ta ce, "Kaka! Kin ji?" Ta kama Fada ta juya shi, ta kama Doroti wadda ba a taɓa runguma ba a tarihin shagon, matan nan suka ɓarke da waƙa. Ni na tsaya gadin littafi, don murna ma tana yaga takarda. Kowace ta tafi da kwafin rahoto da hoto a jaka. Ran Juma'a wani mai kwat ya zo ya ɗauki littafin, ko gaisuwa babu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mugunyar shekararmu. Aikin coci ya ɗauke ƙaf, kamar ruwan sama ya ƙi zuwa a watan bakwai na bature. Matsi ya yi ƙura. Kwana uku a mako nake zuwa shago, sauran na koma fakin, da furfurata. Fada Bulus aka ɗauke shi aka kai wani ƙauye mai nisa inda ya ce shanu sun fi mutane yawa. In mun yi waya sai ya ce, "Malam, an kai ni rugar Turawa, ko nono babu." Hajiya kuwa ba ta taɓa yi mini gori ba, abu ɗaya take nema, madubinta. Na ce ya zama kayan aiki. Ta ce to a rubuta a rahoto cewa sata aka yi.

Abin da ya tashe mu, bakin Mama Loreta ne. Babu cocin baƙaƙe ko taron dangi da ba ta kai hoton nan ba. Sai ga mutane suna zuwa da Baibul ɗin kakanni, da wasiƙu, da takardun 'yanci a cikin kwalin takalmi, daga Largo, daga Germantown, har daga wasu jihohi. Kafin shekara biyu mun fi da aiki. Jikokinta kuma suka bi sunan Henriyeta ta gwajin jini da takardun can Kudu har suka samo dangi. Aka yi taro a wani fili, aka gasa nama, har da tukunya daban ta halal saboda ni da Hajiya. Na ga mutane masu hanci iri ɗaya suna kallon juna suna dariya.

Bayan taron da mako guda Mama Loreta ta shigo shago da ambulan. Ta ce ta kawo mini aiki na ƙarshe. Na buɗe, takardar makaranta ce mai layi, ta yi ja, ta karye a inda aka ninke ta. Rubutun yarinya ne da fensir, layi bayan layi, gaba da baya: ba zan ƙara yi wa bayin Allah ƙarya ba. Mahaifiyarta ce ta adana ta a ƙasan akwati. Wajen ƙarshe rubutun ya karkace, hannu ya gaji.

Na ce, "Mama, wannan a gyara ta, ko a ƙona?"

"A gyara, Mista Iliya. Ka sa ta a gilashi ɗaya da hoton nan, gefe da gefe." Ta gyara hularta ta yi murmushi. "Ni sau ɗari suka sa na rubuta, ban yarda ba. Su sau ɗaya suka rubuta, sun kasa gogewa."

Na dama sabon kunu a ranar, na tace shi sau uku. Ban taɓa liƙa takarda da natsuwa irin ta wannan ba.